Kowa Koci Ne a Bakin Kanal

Da za a yi ƙidayar masu horar da 'yan ƙwallo a ƙasar nan, a bi gida-gida ba tare da an tambayi takardar shaida ba, na tabbata abin da za a samu tsakanin Kura da Bunkure da Garun Malam kaɗai ya ishi Afirka kaf, har a ba Turai aro. Mu nan kowa koci ne. Mai shayi koci ne, mai faci koci ne, yaron da ke jan tiyo a fangalin albasa koci ne, dillalin tumatur a Kwanar Gafan ma hannu ɗaya na kan kwando, ɗayan na kan waya yana sauya ɗan wasa. A da da baki kawai muke aikin, mu biya kuɗin gidan kallo, mu jeru a benci, mu gyara wa Ferguson da Wenger kurakuransu kyauta. Yanzu waya ta raba gardama, ta ba kowa kulob ɗinsa da 'yan wasansa da asusunsa, ta ce to malam, ga fili ga mai doki.

Masu ƙaramar waya suna kan Top Eleven ko OSM, yara suna kan Dream League, 'yan jami'ar da suka dawo hutu daga Wudil ko Bayero da kwamfutar cinya su ne manyan gari, don su ke da Football Manager, wanda ake fitarwa da wannan suna tun 2004, kuma idan suka fara bayani sai ka rantse hukumar ƙwallon Afirka ce ta turo su. Fantasy na gasar Firimiya kuwa ya zama ruwan dare, mutum sama da miliyan 10 ke buga shi a duniya, kuma kusan kowace majalisa a nan tana da 'yar gasarta, ta masu injin shinkafa daban, ta 'yan acaɓa daban, ta malaman makaranta daban. Sunayen wasannin sun bambanta, amma tambayar da suke yi wa mutum ɗaya ce: 'yan wasa 11 gare ka, nawa za ka tura nema, nawa za ka bari tsaron gida? A nan asirinmu yake tonuwa, domin halinmu a gona da halinmu a waya ko gaisawa ba sa yi.

Ku dube mu a gona tukuna. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, a zamanin Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya ratso Kadawa ya mayar da rani ya zama damina ta biyu, mutanen yankin nan suka zama malaman lissafin kasada ba tare da sun shiga aji ba. Manomi mai 'yar gona ɗaya sai ya raba ta, nan tumatur, can albasa, gefe masara, wani ya ƙara da alkama, don ya san ranar da tumatur ya cika kasuwa kwando zai faɗi har kuɗin ɗauko shi daga gona ya fi kuɗinsa, sai dai a yanka a shanya kauɗa a bakin titin Zariya. Wanda gonarsa take ƙarshen kanal ba ya dogara da rabon ruwa, ya haƙa 'yar rijiyarsa, ya ajiye injin ban-ruwa da jarkar mai, ko da na sama sun tare. Kuma babu wanda ya manta 2016, shekarar da tsutsar nan da muke kira Sharon ta shiga gonakin tumatur ta cinye su cikin 'yan kwanaki, har masana'antar tumatur ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a wannan shekarar ta tsaya saboda babu abin da za ta niƙa. Waɗanda suka zuba komai a tumatur sun ji jiki, waɗanda suka bar fangali biyu na albasa su ne suka ba maƙwabta rance. Wannan karatu mun haddace shi, ko cikin barci aka tashe mu za mu biya shi.

To amma ɗauki wannan mutumin, wanda ba ya sayen buhun taki sai ya zaga shago huɗu, wanda yake ƙulle kuɗin iri a wurin da ko uwargida ba ta sani ba, ka ba shi kulob a waya. Nan take zai zama wani mutum daban. Zai jera 4-2-4, ya ce wa 'yan bayan gefe su biyun su haura, ya matso da layin baya har tsakiyar fili, ya ce a matsa wa abokin karawa tun daga bakin ragarsa, a yi sauri, a buga daga nesa, kuma duk wannan a gidan wanda yake saman teburi. Ka ce masa, "Yaya, ai ka bar gida ba kowa," ya ce maka, "Bari kai dai, wanda ya ji tsoro ai ba ya cin kofi." Shi kuwa ɗan'uwansa, wanda ya ci bashi ya shuka tumatur gona guda cur yana cewa Allah na nan, wanda yake goya buhu uku da mutum biyu a babur ya bi gefen kanal da gudu, in ka leƙa wayarsa za ka tarar da 'yan baya biyar, da masu tare tsakiya uku, da ɗan gaba ɗaya tilo yana yawo shi kaɗai ba mai ba shi ƙwallo, kuma da na ƙarshen teburi yake wasa, a gidansa. Ka tambaye shi, ya ce rigakafi ya fi magani. Kowannenmu yana da ɗaya daga cikin mutanen nan biyu a gidansu, kuma wanda ya duba bai ga kowa ba, to shi ne.

A Football Manager akwai wani ma'auni da ake saita zuciyar ƙungiya da shi, mataki bakwai, daga kulle gida gam har zuwa kai hari ba ji ba gani, da matakin daidaito a tsakiya. Mu biyu muka sani, na farko da na ƙarshe, sauran biyar ɗin ko ƙura ba mu taɓa karkaɗe musu ba. Abin da yaran jami'ar nan suke ta faɗa mana, kuma gaskiyarsu ce, shi ne idan ka ɗaga wannan ma'auni ba 'yan gaba kaɗai ke ji ba, ƙungiyar ce duka take sauya hali: 'yan baya su matso gaba, bugu ya ƙara sauri, kowa ya fara gwada fas mai hatsari, har wanda ƙafarsa ba ta kai ba. Saboda haka wanda ya kai ma'aunin ƙarshe, sannan ya bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya yana ce wa kowa kai ma haura, ya ninka kasadar ne sau biyu bai sani ba. Wanda kuma ya sauke shi ƙasa, sannan ya ɗaure kowa da igiya a baya, ya bar ƙungiyarsa ba ta da hanyar fita, kowace ƙwallo aka kwaɗa gaba sai ta dawo, har a gaji a yi kuskure. Masu gane abin suna yin akasin haka: in sun buɗe ƙungiya sai su ɗaure mutum uku ko huɗu, in sun rufe ta sai su saki mutum biyu masu gudu. Kasada a ƙwallo irin ruwan kanal ce, in ka toshe ta nan sai ta ɓulle can, ba ta ɓacewa, aikin mai gona shi ne ya san fangalin da zai iya shanye ta ba tare da shuka ta ruɓe ba.

Ga kuma ɗabi'armu ta sayen tsofaffi. Da zarar asusun kulob ya ɗan yi nauyi, sai mu nemo ɗan bayan da muke so tun muna 'yan sakandare, shekarunsa 35, gudunsa ya ƙare, mu saye shi don suna, mu ba shi kambun kyaftin, sannan mu tsayar da shi a tsakiyar fili da filin Allah ta'ala a bayansa. Abokin karawa yana da wani yaro ɗan shekara 19 da ko sunansa ba mu iya faɗa ba, ƙwallo ɗaya aka ɗaga ta saman kai, shi ke nan, daga shi sai gola. A yi ta farko, a yi ta biyu, duk ta hanya ɗaya, amma ba za mu ja layin baya ko taku biyar ba, sai dai mu ɗaga kai mu sanar da majalisa cewa gem ɗin nan cuta yake, an saita shi ne don mutum ya sayi kati. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Kuma a cikinmu akwai masu wata dabara da kowa ya sani amma ba a faɗa: idan aka zura ta uku sai waya ta mutu da kanta, ko kwamfuta ta ɗauke, a sake kunnawa a buga wasan daga farko. Mutum ya ci kofi shida a jere ta wannan hanya, ya zo yana nuna mana hoto, mu ma mu taya shi murna da zuciya ɗaya, don kowa ya san inda nasa ɗakin yake yoyo.

Ni ina ganin ba laifinmu ba ne gaba ɗaya, gado muka yi. Mu 'ya'yan wasanni biyu ne, kuma kowannensu ya bar mana tabo irin nasa. Na farko shi ne na 1994 a Amurka, Najeriya da Italiya. Amuneke ya ci tun kafin hutun rabin lokaci, shi da Amokachi suka ji rauni aka fitar da su, aka ba Zola jan kati Italiya ta koma mutum 10, yaran Westerhof suna riƙe da wasa, saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya farke, ya ƙara da fanareti a ƙarin lokaci. Iyayenmu da suka kalli wasan a talabijin mai batirin mota har yau in an ambaci Baggio sai sun yi tsaki. Na biyu shi ne na 1996 a gasar Olamfik ta Atlanta, Brazil tana gaba da 3 da 1, wasu har sun tashi sun tafi kwanciya, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na ƙarshe, ya sake ci a ƙarin lokaci aka tashi 4 da 3, daga nan aka doke Ajantina 3 da 2 aka ɗauko zinare. Wasan farko ya sa mana tsoron ci ɗaya, na biyu ya sa mana imanin cewa komai lalacewar wasa, in aka tura kowa gaba za a dawo. Shi ya sa za ka ga mutum ɗaya, a wasa ɗaya, yana gaba da ci ɗaya a minti na 60 ya cire 'yan gabansa duka ya cika baya, a farke masa a minti na 80, nan take ya juya ya tura har gola cin kwana. Tsoron Baggio da begen Kanu ne suke kokawa a ƙirjinsa.

Kuma da a ce ja da baya yana tsare mutum, da mun ɗauko kofin Afirka a Abidjan ranar 11 ga Fabrairun 2024. Koci Peseiro ya kai mu wasan ƙarshe da tsaron gida mai kyau, wannan ba wanda zai musa, Troost-Ekong ya sa kai ya ci kafin hutu, gidajen kallo daga Karfi har Barkum suka kaure da ihu. Daga nan muka koma bakin raga muka zauna, muka bar wa masu masaukin baƙi ƙwallo suna ta zuwa, Kessié ya farke, Haller ya ƙara a minti na 81. A daren nan babu majalisar da ba ta yanke hukunci cewa tsoro ne ya kashe mu ba, kowa ya rantse da shi ne koci da ya sako masu gudu ya nemi ta biyu. Washegari da safe mutanen nan dai, kowa ya ci ɗaya a wayarsa ya kulle gida.

Gardamar da ba ta ƙarewa a teburin mai shayi ita ce ta Mourinho da Guardiola, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa a aljihu. Mutanen Mourinho za su kawo maka 2010, ranar da Inter ta je gidan Barcelona, aka kori Thiago Motta tun da wuri, suka tsare da mutum 10, aka ci su ɗaya tak suka wuce da 3 da 2 a jimilla. Abin da ba sa so a tuna musu shi ne a wasan farko a Milan Inter ta fito ta zura uku, wato sai da aka tara abin tsarewa kafin a tsare. Masu adawa da Guardiola kuma za su kawo wasan ƙarshe na zakarun Turai na 2021 a Porto, inda ya fara wasa babu Rodri babu Fernandinho, ya bar tsakiya ba mai gadi, Havertz ya ratsa ya ci wa Chelsea ɗaya da ta isa. Duk mun yarda cewa garin neman gira ya rasa ido. Amma a cikin masu wannan magana, mutum nawa ne suke da mai tare tsakiya a ƙungiyarsu ta waya? Kowa lamba 10 yake so, wani har guda uku yake jerawa, aikin share fage kuwa an bar wa Allah.

Ko a gida muna da abin koyi, ba sai mun tsallaka teku ba. A 2009 Kano Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin. An yi 1 da 1 a Kano, wanda ke nufin in aka je Alƙahira aka tashi babu ci, Pillars ce za ta fita. Tsare gida kaɗai ba zai yi ba, dole a nemi raga a gaban dubban mutanensu. Aka nema, aka tashi 2 da 2, Pillars suka wuce da ƙwallayen waje, har suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Wannan ita ce kasadar da ake yi da dalili, lissafi ne ya ce a fito aka fito. Sai dai abin da muka fi ɗauka daga gasarmu ta gida wani abu ne daban. Mun taso muna ganin Pillars ta yi kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida a gasar lig ba, har sai da Nasarawa United ta zo a 2015, muna kuma ganin yadda cin wasa a waje yake da wuya ga kowa, sai muka ɗauka doka ce daga sama: a gida a kai hari, a waje a nemi canjaras. Yanzu ko da ƙungiyarmu ta waya ta fi ta abokin karawa ƙarfi ninki biyu, in dai an rubuta waje, sai mu noƙe. Kwamfuta ba ta san filin Sani Abacha ba, ba ta san ganga da kirarin 'yan Ƙofar Mata ba, mu ne muke ɗauke da tsoron a kanmu muna kai mata.

Alhali lissafin a fili yake, kuma mu masu auna shinkafa da kwano bai kamata ya gagare mu ba. Tun da Ingila ta fara ba da maki uku ga wanda ya ci a 1981, duniya ta bi sahu a tsakiyar shekarun 1990, canjaras ya rage daraja. Wanda ya yi kunnen doki sau uku yana da maki 3, wanda ya ci ɗaya aka ci shi biyu shi ma 3 gare shi, wanda kuwa ya ci biyu ya faɗi ɗaya ya tashi da 6. A gasar lig mai tsawo, yawan noƙewa asara ce da ba ta ihu, a hankali take cin mutum, sai ƙarshen kaka ya duba ya ga ba a doke shi da yawa ba amma yana na tara. A gasar sili-ɗaya-ƙwale kuwa, inda kuskure ɗaya ke kora mutum gida, nan ne taka-tsantsan yake da riba. Mu sai mu juya abin, mu yi rowa a lig, mu yi almubazzaranci a kofi.

Fantasy kuma nasa salon tonon asirin daban ne, don a nan so ne yake rufe ido. An ba ka fam miliyan 100 na wasa, ka sayi mutum 15, kada ka wuce uku daga kulob ɗaya, kyaftin ɗinka makinsa ninki biyu. Magana ta ƙare, saura hankali. Amma ɗan Manchester United na gaske zai gwammace ya ƙare na ƙarshe a majalisa da ya sa Salah, ko a kakar 2024 zuwa 2025 da mutumin ya ci 29 ya ba da 18 aka ci. Ɗan Arsenal ya ga Haaland yana zura 36 a kakarsa ta farko, ya ce sa'a ce, mako mai zuwa za ta ƙare. Kowa ya cika gurbi ukun nan da 'yan kulob ɗinsa, ranar da aka doke su ya yi kuka biyu. Ga masu fushin daren Lahadi, waɗanda ɗan wasa zai ba su maki biyu su sayar da shi kafin su kwanta, su sayar da wasu uku su bi shi, a yanke musu maki huɗu-huɗu a kan kowane canjin da ya wuce na kyauta, mako na zagayowa wanda aka sayar ya ci biyu. Sauri ya haifi nawa. Mafi daɗin kallo shi ne na saman teburi da na ƙasa: wanda yake gaba da maki 80, maimakon ya bi kyaftin ɗin da kowa ya sa ya tsare tazararsa, sai ya ɗauko wani da ba a sani ba don a ce ya iya, wanda yake baya da 80, wanda shi ne ya kamata ya bambanta da jama'a ko Allah zai sa ya kamo, sai ya kwafi ƙungiyar na gaban tsaf, ya bi shi a baya har mako na 38.

Duk wannan fa a cikin aiki ake yinsa, kuma nan ne nake jin ƙaunar mutanenmu. Ka fita da dare lokacin da rabon ruwa ya zo kan wani, za ka same shi tsaye cikin taɓo har ƙauri, wando a naɗe, tocila a baki, hannu ɗaya yana gyara bakin fangali da fartanya, ɗayan riƙe da waya a cikin ledar burodi don kada ta jiƙe, wasansa na Top Eleven ya kama a daidai lokacin, caji saura kashi huɗu. Yana so ya cire ɗan bayan da ke da katin gargaɗi, ruwa kuma yana neman ya karya kunya ya shiga albasar maƙwabci. Ruwan yake fara tarewa, kullum ruwan yake fara tarewa, sannan ya goge yatsa a riga ya koma kan waya ya tarar an ba yaron jan kati. Da safe uwargida tana turara shinkafa, daga yadda ya yi sallama ta san sakamako, ta ce, "Maigida, yau ma sun ci ku ne?" ya ce, "Alƙalin wasa ne," ta ce, "Allah ya kyauta," ta miƙo masa koko.

Dattawanmu ma da suke cewa wannan ɓata lokaci ne, ku ƙyale su kawai. Wani kawunmu sai ya gama faɗan cewa yaran yanzu sun bar aiki sun kama danna waya, sannan ya matso da kujera ya ce, "Kai, mu gani, wa ka bari a baya?" A ce masa, "Kawu, mutum biyu ne." Ya ce, "Biyu? Su kuma nawa suke zuwa?" A ce uku. Ya girgiza kai ya ce, "To ko ɓarawon akuya ai ya fi son gidan da masu gadi suka tafi biki. Mayar da biyu." Bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, bai taɓa jin 4-3-3 ba, amma abin da ya faɗa shi ne abin da manyan masu horarwa suke kwana suna zanawa a allo: lokacin da kake kai hari, waɗanda suka rage a baya su fi 'yan gaban abokin karawa da ke jira yawa da mutum ɗaya.

A kowace majalisa kuma akwai mutum ɗaya shiru-shiru da yake cinye gasar kusan duk shekara, kuma ba ma son zancensa. Ba ya da sirri. Ɗan bayan gefe ɗaya yake saki, ɗayan ya tsaya. Yana da mai tare tsakiya da ba ya tsallaka layi. Kafin wasa yana duba ko 'yan gaban abokin karawa masu gudu ne, in masu gudu ne ya ja baya kaɗan, in masu nauyi ne ya matso. In yana gaba da ci ɗaya ba ya kulle gida, mataki ɗaya yake saukowa, ya sako mai sabon jini a gefe don a ci gaba da jin tsoronsa. In ana binsa, sai minti na 70 ya wuce yake buɗewa, kuma a hankali. Mai katin gargaɗi yana fita kafin ya jawo masa ja, wanda ya gaji yana hutawa ko da sunansa ya kai ina. A gabansa muna kiransa matsoraci, muna cewa wasansa ba daɗin kallo, a bayansa kuma mu aiki ƙaninsa ya ɗauko mana hoton tsarinsa. In mun samu sai mu kwafa, mu buga wasa biyu da shi, a na uku hannu ya fara ƙaiƙayi, mu ce bari dai a ɗan ƙara ɗan gaba ɗaya.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi a wannan zance. Kasadar da ake yi da maki a waya, in ta ɓaci, dariyar majalisa ce kawai za ta biyo baya, gobe a sake jeri. Amma akwai masu zamewa daga nan su faɗa caca, suna ganin tunda sun iya hasashen wa zai ci a Fantasy, za su iya da kuɗin taki. Wannan ba wasan koci ba ne, kuma ba sai Hisbah ta rufe shago ba, kamar yadda ta yi a Kano a 2024, kafin mu san haramun ne kuma yana rusa gida. Wanda ya ga ƙaninsa ya fara karkata can, ya janyo shi tun da wuri, ya mayar da shi gasar majalisa inda abin da ake ci bai wuce shayi da ƙwai ba.

Sauran kuwa, masu kofuna a aljihu, ina da roƙo gare ku. Ilimin nan da kuka tara na wa zai haura wa zai tsaya, na lokacin buɗewa da lokacin rufewa, ya yi yawa a ce ya ƙare a cikin ledar burodi. Ƙungiyoyin unguwa a Kura da Ɗan Hassan da Gurjiya da Kumurya suna cike da yara masu ƙafa, da yawansu ba su da mai tsaya musu ko na awa ɗaya, kuma Rabi'u Ali da muke alfahari da shi a Pillars ma a irin wannan fili mai ƙura ya fara. A can babu kashe waya a sake kunnawa, kuma ɗan wasan da ka ajiye a benci zai kai ƙararka wurin babarsa. Wanda ya ga zai iya, yaran suna filin firamare kullum bayan la'asar, sun fi ashirin, kuma har yanzu a cikinsu babu ko ɗaya da ya yarda ya tsaya a baya.